Daga Abuja Zuwa Sakatariyar Ƙaramar Hukuma: Inda Rabon Iko Ke Tsinkewa

Ranar 11 ga watan Yuli, 2024, alƙalai bakwai na Kotun Ƙolin Nijeriya suka yanke hukunci a ƙarar da gwamnatin tarayya ta maka jihohi 36 gaba ɗayansu. Antoni Janar na ƙasa, Lateef Fagbemi, shi ya shigar da ƙarar, Mai Shari'a Emmanuel Agim kuma ya karanta hukuncin. Abu biyu ya fi jan hankali a ciki. Na farko, kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya a riƙa tura masu kai tsaye, kada ya sake bi ta hannun gwamna. Na biyu, gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya ɗora kantoma ko kwamitin riƙo, kuma duk ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba, ba ta da rabo a kuɗin.

Wannan na biyun ba sabon zance ba ne. Yana nan rubuce a sashe na 7 na kundin tsarin mulki tun ranar da ya fara aiki, 29 ga Mayu, 1999. Sai da aka shekara ashirin da biyar ana taka shi kafin kotu ta tsawatar da babbar murya. Wanda duk ke son gane yadda aka tsara gwamnati a ƙasar nan, da kuma inda tsarin yake ɗingishi, to wannan shari'a ta ishe shi mafari.

Iko ba ya zama a hannu ɗaya

Kundin 1999 soja ne suka miƙa shi, gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta fitar da shi da dokar soja, kuma masu suka ba su daina tuna wa mutane haka ba. Duk da haka ginshiƙan da aka ɗora shi a kai su ne na kowace dimokuraɗiyya. Sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ikonta, kuma tsaron lafiyarsu da walwalarsu shi ne babban dalilin kafa ta. Mai mulki ɗan aike ne ke nan, mai wa'adi: shekara huɗu, in jama'a sun so a ƙara masa huɗu, daga nan sai gida. Dokar da ta hau kan mai tura baro ita ta hau kan shugaban ƙasa, illa dai shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu na da rigar kariya daga gurfana a kotu muddin suna kan kujera. Rinjaye ke yanke hukunci, amma wanda ya faɗi zaɓe ba a raba shi da bakinsa ko da taronsa ba.

Duk waɗannan sun dogara ne kan dabara guda: kada a tara iko wuri ɗaya. Shi ya sa aka tsaga shi ta fuska biyu. A kwance, an raba shi tsakanin masu yin doka, da masu zartar da ita, da masu shari'a, kamar yadda sassa na 4 da 5 da 6 suka jera. A tsaye kuma an raba shi hawa uku: tarayya, jiha, ƙaramar hukuma.

Ba haka aka faro ba. A jamhuriya ta farko tsarin firaminista aka gada daga Ingila, inda Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ministocinsa 'yan majalisa ne, Nnamdi Azikiwe kuma shugaban ƙasa ne na jeka-na-yi-ka. Bayan juyin mulki da yaƙin basasa, kwamitin da Janar Murtala Muhammad ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams ya karkata ga salon Amurka, inda ƙasa baki ɗaya ke zaɓen mutum ɗaya. An ji tsoron kada wani yanki ya naɗa wa sauran shugaba, sai aka gindaya sharaɗi: bayan rinjayen ƙuri'a, sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi.

Zaɓen farko ma sai da wannan sharaɗi ya kai mutane kotu. A 1979 jihohi 19 ne, Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a 12, a Kano kuwa abin da ya samu bai kai kashi 20 cikin ɗari cif ba. Nawa ne biyu bisa ukun 19? Obafemi Awolowo ya ce 13, tunda ba a gutsuttsura jiha. Lauyan jam'iyyar NPN, Richard Akinjide, ya ce sha biyu ne da biyu bisa uku, don haka a auna Shagari da biyu bisa ukun ƙuri'un Kano kawai. Kotun Ƙoli ta karɓi lissafin Akinjide a watan Satumba, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. Yau da jihohi suka zama 36 lissafin ya daidaita a kan 24, sai dai matsayin Abuja a cikin sharaɗin ya sake tayar da ƙura bayan zaɓen 2023.

Majalisa mai haƙori, da wadda aka cire wa

Majalisar Dokoki ta Ƙasa zaure biyu ce. Ta dattawa na da kujeru 109, uku-uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja. Ta wakilai na da 360, an raba bisa yawan jama'a. Don haka Kano da Bayelsa kunnen doki suke a majalisar dattawa, amma a ta wakilai Kano na da 24, Bayelsa 5. Hikimar ita ce babba ya ji an san girmansa, ƙarami kuma kada a danne shi. Naira ɗaya ba ta halatta a kashe sai majalisa ta amince a kasafin kuɗi. Minista da jakada da alƙalin Kotun Ƙoli duk sai dattawa sun tantance. Shugaban ƙasa na da kwana 30 ya sa hannu a ƙudurin doka, in ya ƙi, biyu bisa ukun kowane zaure na iya tsallake shi, kamar yadda aka yi wa Cif Olusegun Obasanjo a shekarar 2000 kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta.

Ranar da wannan majalisa ta fi nuna amfaninta ita ce 16 ga Mayu, 2006, lokacin da dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani suka yi watsi da gyaran kundin da zai buɗe wa Obasanjo ƙofar zango na uku. Muhawarar a talabijin aka yi ta, kowane sanata ya san mutanen mazaɓarsa na kallo. Ƙetare iyaka kaɗan, a Jamhuriyar Nijar, an ga yadda abin ke kasancewa idan shugaba ya fi ƙarfin masu taka masa birki. A 2009 Tandja Mamadou ya nemi tazarce, majalisa da kotun tsarin mulki suka ƙi ba shi hanya, sai ya rushe su duka biyun ya shirya ƙuri'ar raba gardama. Ranar 18 ga Fabrairu, 2010, soja suka kutsa fadarsa. A cikin wannan watan ne kuma majalisar Nijeriya ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashin shugaban ƙasa, bayan jinyar Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ta yi tsawo, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Sauko jiha kuwa, labari ya sha bamban. Kowace jiha na da majalisa mai zaure ɗaya, mambobi daga 24 zuwa 40, kuma a takarda ikonta kan gwamna daidai yake da na majalisar ƙasa kan shugaban ƙasa. An taɓa ganin wannan iko da ƙarfinsa, har ma ya wuce gona da iri. A 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya ci gwamnan tsohuwar jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina ta yau, a jam'iyyar PRP, alhali NPN ce ke da gagarumin rinjaye a majalisa. Ya aika sunayen kwamishinoni aka mayar masa, ya sake aikawa aka sake mayarwa. Haka ya yi mulki ba kwamishina ko ɗaya, har suka tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin ƙasar. Ko mutum na ganin zalunci aka yi masa, kuma da yawa na ganin haka har gobe, ba mai musun cewa waccan majalisa ba ta tsoron gidan gwamnati.

Ta yau fa? Jama'a sun riga sun raɗa mata suna: 'yan amshin Shata. Kasafin da ya kamata a kwashe makonni ana tsefe shi sai ya wuce kamar walƙiya. Shugaban majalisar da ya yi wa gwamna tsaurin ido yakan wayi gari abokan aikinsa sun sauke shi. A gyaran kundi na 2010 an kawo shawarar a ba majalisun jihohi 'yancin riƙe kuɗinsu, kada su riƙa zuwa roƙo wurin gwamna, amma shawarar ta mutu a hannun majalisun da kansu, don ba a samu adadin da ake buƙata sun amince ba. Sai a 2018 gyaran ya samu shiga.

Kotu kan tsaya da ƙafarta jefi-jefi, kuma talaka ya gani a aljihunsa. Lokacin wahalar canjin kuɗi, jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka kai gwamnatin tarayya ƙara, gwamnonin ukun kuwa 'yan jam'iyyar shugaban ƙasa ne, ranar 3 ga Maris, 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun naira su ci gaba da yawo. A 2019 ita ce ta soke ƙuri'un APC kaf a Zamfara saboda jam'iyyar ba ta yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta tanada ba, Bello Matawalle na PDP ya hau kujera. A nan ma akwai abin dubawa: yawan kujerun da ake yanke wa hukunci a zauren kotu ya sa wasu masu zaɓe na tambayar amfanin tsayuwarsu a layi cikin rana. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba.

Hawa na uku

Kundin ya ware wa tarayya abubuwan da ita kaɗai ke da ta cewa a kansu, irin su soja, 'yan sanda, kuɗin ƙasa, kwastan, hulɗa da ƙasashen waje da ma'adinai. Akwai waɗanda take tarayya da jihohi a kai, kuma a 2023 aka ƙara wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali a wannan rukuni. Kuɗin da ke shiga asusun tarayya ana raba su duk wata. Bayan an cire kashi 13 na jihohi masu arzikin mai, tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Wato a kowace naira ɗari, sama da naira ashirin ta ƙananan hukumomi 774 ce, har da guda shida na Abuja. Kano ce kan gaba da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Bayelsa 8.

Me aka ce su yi da kuɗin? Jadawali na huɗu ya lissafa, kuma mai karatu zai ga rayuwarsa ce ta yau da gobe: kasuwa, tashar mota, mayanka, maƙabarta, kwashe shara, magudanan ruwa, hanyoyin cikin gari, sanya wa tituna suna da lambar gidaje, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, lasisin keke da amalanke da kwalekwale. Sannan su sa hannu a makarantun firamare da ilimin manya, da asibitocin sha-ka-tafi, da harkar noma. Mutumin ƙauye na iya ƙare rayuwarsa bai taɓa ganin sanata ido da ido ba, amma kansilan gundumarsa tare suke sallar Juma'a. Idan akwai matakin da ya kamata ɗan ƙasa ya fi iya riƙe wuyan rigar mai mulki, to wannan ne.

Mutanen Arewa sun san ƙarfin hukumar da ke kusa, don sun ɗanɗana. Zamanin En'e, sarki da majalisarsa ke da baitulmali, da 'yan doka, da kotunan alƙalai, da gidan yari. Mai karɓar haraji da jangali, da mai kama wanda bai biya ba, da mai yanke masa hukunci, duk daga ƙofa ɗaya suke fitowa. An gina makarantu da asibitoci da kuɗin En'e, ba a musu, amma tara iko irin wannan shi ne abin da jam'iyyar NEPU ta tashi yaƙa tun kafuwarta a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma mabiyan Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da bulala a kansa. Daga ƙarshen shekarun 1960 soja suka fara karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, 301 a lokacin, ya mayar da sarakuna masu ba da shawara. A wannan shekarar ce matan Arewa suka samu damar jefa ƙuri'a karo na farko.

To ikon da aka zare daga fada ina ya tafi? Kundin 1999 ya ba ƙaramar hukuma rai da hannun dama, ya miƙa wa jiha igiyarta da hannun hagu. Sashe na 7 da ya tabbatar da zaɓaɓɓun shugabanni, shi ne kuma ya ce majalisar jiha ce za ta yi dokar kafa su da tsarinsu da kuɗinsu, shi ya sa wa'adin ciyaman ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Sashe na 162 ya ƙirƙiro asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kason ke sauka kafin a raba. An yi nufin jiha ta zuba nata gudummawar a ciki ta ƙara masu, sai abin ya juye. Ana cire albashin malamai, da kason masarautu, da na fansho, da na ayyukan da aka ce na haɗin gwiwa ne ko da ba a shawarci kowa ba, abin da ya rage a miƙa wa ciyaman ya biya ma'aikata ya sa hannu cewa ya karɓi duka. Shi ya sa a wurare da yawa sakatariya ba ta cika sai ƙarshen wata. A 2019 hukumar NFIU mai bin diddigin hada-hadar kuɗi ta hana cire tsabar kuɗi sama da naira dubu 500 a rana daga asusun ƙananan hukumomi, gwamnoni suka garzaya kotu.

Ita ma tarayya ba waliyyiya ba ce a wannan fage. Da Legas ta ƙirƙiro ƙarin ƙananan hukumomi 37 a kan 20 da take da su, Obasanjo ya riƙe kason jihar. Kotun Ƙoli ta ce masa a 2004 ba shi da wannan iko, amma sai da 'Yar'aduwa ya hau a 2007 aka saki kuɗin. Gwamnan Legas na wancan lokaci, Bola Tinubu, shi ne shugaban ƙasar da gwamnatinsa ta kai gwamnoni ƙara a 2024.

Zaɓen da ba a faɗuwa

A ganina asusun ba shi ne tushen ciwon ba. Tushen yana wurin akwatin zaɓe. Hukumar INEC ke shirya zaɓen shugaban ƙasa da gwamnoni da 'yan majalisu, amma na ciyaman da kansila hukumar zaɓe ta jiha ce, wadda gwamna ke naɗa mambobinta, majalisar jiha ta amince. Sakamakon kowa ya haddace shi tun kafin a buga takardun ƙuri'a. A Kano, APC ta lashe kujerun ciyaman 44 duka a 2018 da 2021 lokacin tana mulki. A watan Oktoban 2024, NNPP na mulki, ita ma ta lashe 44 duka. A wannan watan APC ta kwashe 23 na Kaduna da 27 na Jigawa. Ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, duk wadda ta samu dama haka take yi, kudu da arewa.

Ba za a ce mutane ne ra'ayinsu ya zo ɗaya ba, tunda jihohin nan a babban zaɓe ƙuri'unsu rarrabuwa suke. A Abuja, inda babu gwamna kuma INEC ke shirya zaɓen, a 2022 APC ta ci uku PDP ta ci uku. Ita kanta Kaduna, da ta gwada na'urar jefa ƙuri'a a 2018, 'yan adawa sun samu wasu kujeru. Ciyaman ɗin da ya san gwamna ne ya rubuta sunansa ya san wanda zai faranta wa. Ko an turo masa kuɗin kai tsaye daga Babban Bankin Nijeriya, in aka kira shi gidan gwamnati aka ce ya kawo, zai kawo, kuma kansilolin da doka ta ɗora wa sa masa ido su ma ta hanya ɗaya suka shigo.

Akwai kuma masu tsoron cin gashin kan ƙananan hukumomi don dalili na gaskiya. Ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana cewa kada a mayar da albashin malaman firamare hannun ciyamomi, don ba ta manta farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka damƙa wa ƙananan hukumomi makarantun, malamai suka yi watanni ba albashi. Gwamnoni ma na da hujjar da suke kafawa, cewa wasu ƙananan hukumomin kasonsu ba zai iya biyan ma'aikatansu ba sai an haɗa kuɗin wuri ɗaya an tallafa wa mai rauni. Hujjar na da ƙamshin gaskiya, sai dai da za ta fi shiga kunne in da ana buga lissafin asusun kowa ya gani.

Bayan hukuncin 2024, jihohin da suka yi shekara da shekaru da kantomomi suka yi rige-rigen shirya zaɓe don kada a riƙe kuɗin. Biyan kai tsayen kuwa ya yi ta tafiyar hawainiya, ana ta batun buɗe asusu a babban banki da kawo rahoton binciken kuɗi. Jihar Anambra ma doka ta yi a 2024 wadda ta wajabta wa ƙananan hukumominta zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi. Sashe na 162 da asusun haɗin gwiwarsa na nan a cikin kundin ba a goge ba, kotu fassara shi kawai ta yi.

Goge shi, ko mayar da zaɓen ƙananan hukumomi hannun INEC kamar yadda wasu ke nema, sai an gyara kundin. Gyaran kuwa na buƙatar biyu bisa ukun majalisar dattawa da ta wakilai, sannan majalisun jihohi 24 su amince. Majalisar ƙasa ta tara ta amince da ƙudurin ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu a 2022 ta aika wa jihohi. Da aka tattara amsoshi a farkon 2023, ƙudurin bai samu jihohi 24 ba.